Daga kibod ɗin gida zuwa fiyanon ɗakin jarrabawa: yadda ake shirya wa fiyanon da ba a taɓa kaɗawa ba

Mai goge yana zuwa wurin biki da gogensa, mai kalangu ya rataya nasa a kafaɗa, mai jita ya goya tasa a baya. Mai fiyano ne kaɗai ke zuwa hannu rabbana, ya zauna a gaban abin da ya tarar. Matsakaicin fiyanon katako ya haura kilo 200, babban na dandamali irin Steinway D kuwa ya kai kilo 480, don haka babu zancen ɗauka. Ɗalibin da ya shafe wata takwas yana maimaita kiɗa uku a kan na'urarsa ta gida zai kaɗa su ne ranar jarrabawa a kan wata na'urar da bai taɓa ɗora wa yatsa ba. A jarrabawar matakin farko ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila da aka kafa a 1889, kimanin minti 12 ake ba shi daga shiga zuwa fita. Babu lokacin sabawa a cikin wannan.

Makin jarrabawar 150 ne. Da 100 ake ci, 120 ne yabo, 130 ne zarra. Daga ciki, 90 na kan kaɗe-kaɗen nan uku ne, 30 kowanne, kuma ba daidaiton sautuka kaɗai ake dubawa ba: ana duba daɗin sautin da yadda ɗalibi ke ɗaga shi da sauke shi. Waɗannan biyun ne suke fara lalacewa idan yatsu suka ci karo da baƙon fiyano. Haka lamarin yake a jarrabawar Trinity ta Landan da ta MUSON da ke Onikan a Legas, haka kuma a kowace gasa.

Wane fiyano ake nufi?

A situdiyoyin Kano da Kaduna, idan aka ce fiyano, kibod ake nufi, galibi jerin Yamaha PSR da ake haɗa kiɗan finafinai da na biki da shi. Mafi yawansu maɓalli 61 gare su, ƙarƙashin kowanne kuma ɗan sufirin ne da ke mayar da shi sama. A ɗakin jarrabawa abin da za a tarar daban ne: fiyano mai maɓalli 88, farare 52 da baƙaƙe 36, wanda ko dai na katako ne mai tsirkiyoyi na gaske, ko na dijital da aka ƙera ya kwaikwayi nauyin na katakon. Na katakon ma iri biyu ne. Akwai na tsaye, mai kama da kabad da ake jinginawa da bango, akwai na kwance, mai ƙafa uku da murfi da ake ɗagawa.

Bambancin farko ido ne ke cin karo da shi. Fiyano mai maɓalli 88 ya fi mai 61 da maɓalli 15 a hagu da 12 a dama. A ƙaramin kibod, sautin C na tsakiya shi ne C na uku daga hagu. A cikakken fiyano shi ne na huɗu, maɓalli na 40. Ɗalibin da ya saba ƙirgowa daga gefe yana iya fara kiɗansa gaba ɗaya a ƙasa da inda ya kamata, kuma hannun hagun da ya saba amfani da ƙarshen kibod a matsayin alama zai nemi alamar ya rasa. Maganin wannan mai sauƙi ne: a daina ƙirge daga gefe. C na tsakiya yana kusa da sunan kamfanin da ke rubuce a gaban maɓallan, ɗan hagu kaɗan da tsakiyar fiyanon.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin yatsa

Nan ne ainihin matsalar take, kuma ya dace a fahimce ta sosai. A fiyanon katako, maɓalli dogon itace ne da ke aiki kamar sikelin awo: an danna wannan ƙarshen, wancan ya tashi ya cilla 'yar guduma mai kan ulu zuwa ga tsirkiya. Maɓallin yana nutsewa kimanin milimita 10, kuma nauyin da ake buƙata kafin ya fara sauka kusan giram 50 ne, wato kamar ƙwan kaza ɗaya. Wannan adadi ba ɗaya ba ne a kowane fiyano, kuma ko a fiyano ɗaya ɓangaren hagu ya fi na dama nauyi, saboda gudumomin can sun fi girma.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, dab da guduma ta isa tsirkiya, injin yana sakinta ta ƙarasa tafiyar ita kaɗai. Idan aka danna maɓalli a hankali fiye da kima, gudumar ba za ta samu ƙarfin isa ba, sai maɓallin ya nutse shiru, babu sauti ko kaɗan. Kibod mai sufirin ba ya yin haka. Duk sanyin dannawa, sai ya fitar da sauti, domin abin da yake aunawa shi ne lokacin da maɓalli ya ɗauka tsakanin na'urorin ji biyu, ya mayar da shi lamba daga 1 zuwa 127 bisa tsarin MIDI. Shi ya sa ɗalibin da ke kaɗa wurare masu taushi da kyau a gida yakan ji wasu sautukan sun ɓace masa a ɗakin jarrabawa, kamar ana magana layi yana yankewa. Daga nan tsoro ya shiga, ya fara dukan komai da ƙarfi, taushin da ya yi wata da watanni yana gyarawa ya tafi.

Tsakanin na tsaye da na kwance ma akwai tazara. A na kwance gudumomi suna bugawa sama ne, nauyinsu ke dawo da su, kuma akwai wata dabara da Sébastien Érard ya yi wa rajista a 1821 wadda ke ba da damar sake buga sauti tun maɓalli bai gama tasowa ba. Na tsaye yana dogara da sufirin, kuma sai an saki maɓalli kusan gaba ɗaya kafin ya sake amsawa. Shi ya sa ake ƙiyasta cewa na kwance yana iya maimaita sauti ɗaya kusan sau 14 a daƙiƙa, na tsaye kuwa kusan rabin haka. Wanda ya yi atisaye a fiyanon dijital mai saurin amsawa, ya je ya tarar da tsohon na tsaye, zai ji wuraren maimaici da sauri suna shaƙewa. Sai ya ɗaga yatsu fiye da yadda ya saba.

Sai feda. Yawancin kibod ɗin gida suna zuwa da 'yar feda mai kusurwa huɗu wadda kunnawa da kashewa kawai ta sani, kamar makunnin fitila. Fedar dama ta fiyanon katako tana ɗaga matosan ulu da ke danne tsirkiyoyi, kuma a hankali take ɗaga su. A wani fiyanon da an taɓa ta ta kama, a wani sai an kai rabin hanya. Wanda bai san inda fedar ke kamawa da inda take saki ba zai cakuɗa sautuka su zama kunu. Fedar hagu a na kwance tana gusar da injin gaba ɗaya zuwa dama kaɗan, har maɓallan su motsa a ƙarƙashin hannu, abin da kan firgita wanda bai taɓa gani ba. Ta tsakiya kuma tarko ce: a yawancin na tsaye tana sauke labulen ulu tsakanin guduma da tsirkiya don rage ƙara, kuma tana iya maƙalewa a ƙasa. Idan fiyano ya yi sauti kamar an rufe shi da bargo, ita za a fara dubawa.

Yadda na'urar gida ke yi wa mai ita daɗin baki

Fiyanon dijital an ƙera shi ne ya yi daɗi a kunne ko yaya aka taɓa shi. Kullum sautinsa a daidaice yake, kowane maɓalli nauyinsa ɗaya da na kusa da shi, kuma yana zuwa da amsa-kuwwar ƙarya da ke shafe ƙananan kurakurai. Wannan alheri ne ga mai koyo, sai dai yana da farashi.

Babban mai ruɗi shi ne makunnin ƙara. Wanda ke atisaye da dare, ya rage murya don kada ya tashi mutanen gida, yana koya wa hannunsa duka ba tare da ya sani ba, saboda sai ya doka kafin ya ji. A fiyanon katako wannan dukan yana fitowa da kaushi kamar ana kwankwasa kwano. Wanda kuma ya ƙure murya yana koyon shafa maɓalli sama-sama, shi ne wanda sautuka za su ɓace masa. Fiyanon katako ba shi da makunnin ƙara, kuma idan aka kaɗa shi da ƙarfi yana iya kai desibel 90 a inda makaɗi ke zaune. Manhajar auna ƙara a waya, duk da ba ta kai na'urar ƙwararru daidai ba, ta isa ta taimaka: a auna kiɗa mafi ƙarfi a kan fiyanon katako sau ɗaya, a dawo gida a saita murya har lambar ta yi kusa, a manna ɗan salatif a wurin, a daina taɓawa.

Abin sauraro na kunne shi ma yana da nasa. Yana zuba sauti kai tsaye cikin kunne, a raba hagu da dama tsaf, alhali a ɗaki sauti yana fita ne ya bugi bango ya dawo. Makonni huɗu na ƙarshe kafin jarrabawa ya kamata mafi yawan atisaye ya koma ta lasifika.

A mayar da fiyanon gida baƙo

Ba za a iya sa fiyanon jarrabawa ya zama irin na gida ba. Abin da za a iya shi ne a hana hannu sabawa da fiyano ɗaya tak, kuma a nan mai na'urar dijital ya fi mai fiyanon katako gata, domin tasa tana sauya hali da danna maɓalli biyu.

Kusan kowane fiyanon dijital yana da saitin ƙarfin taɓi. A jerin Yamaha P ana samun Soft da Medium da Hard da Fixed, a Roland FP kuma daga Light zuwa Heavy, Casio na kiran nasa Touch Response. Ya kamata a gane cewa wannan saiti ba ya ƙara wa maɓalli nauyin ko giram ɗaya. Abin da yake sauyawa shi ne yawan sautin da ake samu daga ƙarfin da aka sa. Duk da haka darasin da yake koyarwa na gaske ne. A kan Hard, ɗalibi yana koyon kai maɓalli har ƙasa da nauyin hannu maimakon yatsa kawai. A kan Soft, yana koyon riƙe kansa a gaban fiyano mai saurin fushi, wanda da an taɓa shi ya yi ihu. Fixed ba shi da amfani a nan, tunda yana kashe bambancin ƙarfi gaba ɗaya, kuma abin mamaki akwai ɗaliban da ke shafe watanni a kansa ba su sani ba.

Tsarin da ke aiki shi ne a bar saiti na tsakiya don koyon sabon abu, sannan kullum a ƙarshen atisaye a sauya abu ɗaya a kaɗa kiɗan daga farko har ƙarshe ba tsayawa. Yau taɓi mai nauyi. Gobe a zaɓi muryar fiyano mai kaifi. Jibi a kashe amsa-kuwwa gaba ɗaya, wanda zai tona duk inda feda ke rufa wa yatsu asiri. Gata a ƙure amsa-kuwwar kamar babban zaure, a ga yadda dole a rage feda da sauri. Wata rana a cire fedar ɗungurungum. Mafi kyau ma a sa ƙani ko aboki ya sauya saitin a ɓoye, ɗalibi ya zo ya zauna bai san abin da zai tarar ba, domin abin da ake horarwa shi ne kunne ya ji sauyi a daƙiƙun farko, hannu ya gyara ba tare da kiɗa ya tsaya ba.

Wanda ke da wayar OTG zai iya wuce haka. Ana haɗa fiyanon da waya ta kafar USB, manhaja ta karɓi saƙon MIDI ta fitar da nata sautin. A iPhone akwai GarageBand kyauta, akwai kuma Pianoteq na kamfanin Modartt na Faransa, wanda ke kwaikwayon fiyano iri-iri kamar Steinway da Bechstein da Blüthner, har ya bari a zana yadda ake so taɓi ya amsa. A yi amfani da waya mai igiya wajen fitar da sautin. Lasifikar Bluetooth tana jinkirta sauti da wani ɓangare na daƙiƙa, wanda ba a lura da shi a kallon fim, amma yana rikita makaɗi nan take. Manhajojin da ake kaɗa fiyano a kan gilashin waya kuwa suna da amfani wajen haddace sunayen sautuka, ban da haka ba su koya wa yatsa komai ba.

Akwai iyaka, kuma gara a faɗe ta. Babu saitin da zai mayar da kibod mai sufirin ya zama mai guduma. Wanda irinsa ne kawai gare shi dole ya nemi fiyano mai nauyin maɓalli ko da sau ɗaya a mako, kuma tun da sauran wata biyu ko uku, ba ana gobe jarrabawa ba. Ana samunsu a wasu makarantu masu zaman kansu, da sassan kiɗa na manyan makarantu, da wasu majami'u, da manyan otal, da shagunan sayar da kayan kiɗa. Minti 20 a kan fiyano huɗu daban-daban ya fi awa biyu a kan ɗaya, ko da ɗayan nan shi ne mafi kyau a garin. Tsohon fiyano mai taurin kai ma malami ne.

Aikin waya

Waya ta fi amfani a matsayin kunne na biyu. A ajiye ta kimanin mita biyu daga fiyano, a sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, a ɗauki dukan shirin a zama ɗaya, da kurakuransa. Jan maɓallin nan na ɗauka yana kawo ɗan bugun zuciya mai kama da na jarrabawa, kuma ana son hakan. Sai dai a sani cewa yawancin wayoyi suna daidaita ƙarfin sauti da kansu: suna ɗaga mai taushi, su danne mai ƙarfi, saboda an tsara su ne don magana. Don haka bidiyon waya shaida ne mai kyau a kan sauri da feda da zaman jiki, amma ba a cika yarda da shi a kan bambancin ƙarfi ba, sai in manhajar ɗaukar tana bari a kashe wannan daidaitawar. Mai darasi ta Zoom ya kunna saitin Original sound for musicians saboda wannan dalilin. Mai tura wa malami ta WhatsApp kuma ya tura a matsayin fayil, don kada a matse shi.

Metironom, wato na'urar ƙirga bugu, yana nan kyauta ko a shafin binciken Google. Amfaninsa a nan shi ne a tanadi gudu biyu ga kowane kiɗa mai sauri. Idan an saba da 120 a minti, a iya shi kuma a 112 har ya zauna a jiki. Fiyano mai nauyi ko ɗaki mai amsa-kuwwa yana buƙatar na biyun, kuma mai jarrabawa ya fi son kiɗa mai tsabta a 112 da wanda ke tuntuɓe a 120. Amma sai an yi atisayen gudun na biyu tun a gida. Wanda ya ce zai rage sauri ranar ba tare da ya taɓa gwadawa ba, kafin layi na uku hannunsa ya koma inda ya saba.

Sannan awo. A auna tsayin kujera daga ƙasa da tsayin maɓallai a gida, a ɗauki hoton zama daga gefe. Abin da ake nema shi ne gwiwar hannu ta yi daidai da saman fararen maɓallai ko ta ɗan fi su kaɗan. Makaɗin Kanada Glenn Gould ya yi ta yawo da wata gajeriyar kujera da mahaifinsa ya gyara masa, wadda tsayinta bai wuce santimita 36 ba, har ƙarshen rayuwarsa. Zamansa ba abin koyi ba ne, amma ya nuna yadda ƙwararru ke ɗaukar zancen kujera. Takalmi ma haka: wanda ke taka feda da silifas ko ƙafa ba takalmi zai ji ta daban cikin sau-ciki mai tauri. Riga mai faɗin hannu da gyalen da ke zamewa daga kafaɗa duk a gwada su a atisaye kafin ranar.

Kira ɗaya ko saƙo ɗaya zuwa cibiyar jarrabawa yana rage rabin duhun. Na tsaye ne, na kwance ne, ko na dijital? Kujerar tana hawa da sauka? Ana bari a zo a gwada kafin ranar? Wasu cibiyoyin suna bari, wani lokaci da ɗan kuɗi. Idan na kwance ne kuma ɗalibi zai duba takarda, ya sani cewa mazaunin takardar ya fi na gida tsawo, tazarar da ido zai yi tsakanin rubutu da hannu ta ƙaru. Ana iya kwaikwayon wannan a gida da ɗora takardar a kan littattafai.

Minti na farko

Ƙa'idar ABRSM ta yarda ɗalibi ya gyara kujera ya kuma ɗan gwada fiyano kafin a fara, kuma ba a ba da maki a kan wannan. Yawancin ɗalibai kunya ke hana su, ko su ɓata damar wajen kaɗa farkon kiɗansu da gudu. Wannan ɗan lokaci na tambaya ne, kuma tambayoyin ba su da yawa.

Kujera tukuna, domin komai a kanta ya dogara. Sai a danna sauti ɗaya a tsakiya sau uku ko huɗu, kowanne ya fi na baya taushi, har a kai inda fiyanon ya yi shiru: an gano ƙasan rijiyar ke nan, kuma ba za a sauka ƙasa da haka ba a cikin kiɗa. Sai haɗin sauti a hannun hagu tare da 'yan sautuka a dama, don a ji wane ɓangare ne ke danne wani. A babban fiyanon kwance hagun yakan yi ruri fiye da yadda mai kibod ya saba, dole a sassauta masa. Sai a buga haɗin sauti ɗaya da ƙarfi tare da feda, a ɗaga ƙafa a hankali a ji inda sautin ya yanke, sannan a saurari abin da ɗakin ya riƙe bayan haka. Duka wannan bai kai daƙiƙa 40 ba ga wanda ya maimaita shi a gida, kuma ya kamata a maimaita shi kamar yadda ake maimaita kiɗan kansa.

Ƙa'idar ta kuma bar wa ɗalibi zaɓin ɓangaren da zai fara da shi. A baƙon fiyano, farawa da hawa da saukar sautuka ya fi hikima. Makinsu 21 ne, kuma kafin a gama su hannu ya san nauyin maɓallan. Gara a yi kuskuren sabo a inda maki 21 yake da a yi shi a inda 90 yake.

Wani abu da kan ba sabon shiga mamaki: maɓallai kusan 20 na can ƙarshen dama ba su da matosai, don haka sautinsu yana ci gaba da ringi bayan an ɗaga yatsa. Ba lalacewa ba ce, haka ake ƙera su.

Idan fiyanon ne da kansa ba shi da lafiya

Fiyanon katako yana ɗauke da tsirkiyoyi kusan 230 da ke jan firam ɗinsa da ƙarfin kusan tan 18 zuwa 20, sauran jikinsa kuma itace ne da ulu, masu shan danshi su kumbura, su bushe su tsuke. Masu gyara sun fi son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 da 50 cikin ɗari. A Kano ko Jos ko Zinder, hunturu yana saukar da shi ƙasa da kashi 20, damina kuma ta cilla shi sama. Sakamakon shi ne sauti ya sauka ya karkace a lokacin sanyi, maɓallai su riƙa maƙalewa a lokacin ruwa. Ɗalibin da bai taɓa jin komai ba sai sautin dijital mai tsabta yana iya zaton shi ne ya yi kuskure, ya tsaya neman abin da bai ɓata ba. Idan maɓalli ya maƙale ko feda tana ƙara, a faɗa wa mai jarrabawa cikin ladabi a lokacin gwaji ko tsakanin kiɗa da kiɗa. Shi ma makaɗi ne, kuma a kan wannan fiyanon ya saurari duk waɗanda suka riga shiga.

Labarin da aka fi bayarwa a kan wannan shi ne na Keith Jarrett a birnin Kolon na Jamus, ranar 24 ga Janairun 1975. Ya nemi babban Bösendorfer 290 Imperial, aka yi kuskure aka ajiye masa wani ƙarami na atisaye, mai raunin sauti a hagu, mai ƙarar gwangwani a dama, fedarsa ma ba ta aiki sosai. Ya kusa fasawa. Da ya hau, sai ya tattara kiɗan a tsakiyar fiyanon inda yake da lafiya, ya riƙa maimaita bugun hannun hagu don ya cike raunin. Faifan wannan dare ya zama faifan fiyano zalla da aka fi saya a tarihi. Sai dai kada a ja labarin ya wuce inda ya tsaya: Jarrett ƙirƙirar kiɗan yake yi nan take, yana da 'yancin kauce wa maɓallan da ba su da kyau. Mai jarrabawa ba shi da wannan 'yancin, rubutun da ke gabansa zai bi. Abin da ke hannunsa shi ne gudu, da yawan feda, da ƙarfin da zai ba kowane hannu.

Gasa, da jarrabawar bidiyo

A manyan gasa ma matsalar ba ta gushe ba, an dai rage mata kaifi. A gasar Chopin ta birnin Warso, wadda aka fara a 1927, ana jera fiyano na kamfanoni daban-daban a kan dandamali, a ba kowane ɗan takara kimanin minti 15 ya zaɓi wanda zai yi gasar da shi. Yulianna Avdeeva ta ci ta 2010 a kan Yamaha, Seong-Jin Cho ya ci ta 2015 a kan Steinway, Bruce Liu ya ci ta 2021 a kan Fazioli. A ƙananan gasa babu zaɓi, wani lokaci ko gwaji babu. A nan sai a yi amfani da waɗanda suka riga hawa: a zauna a cikin zauren a saurari mutum biyu ko uku, a lura ko hagu na danne dama, ko feda na cakuɗa sauti daga nesa. Zaure cike da mutane yana shanye amsa-kuwwa fiye da lokacin da yake fanko, don haka abin da aka ji a gwajin safe ba lallai ya zama shi ne na yamma ba. Idan na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, a riƙe hannu cikin aljihu har a kira suna. Yatsu masu sanyi suna ƙara wa kowane maɓalli nauyi.

Tun 2020 ABRSM ta buɗe wata hanya ta daban, inda ɗalibi ke ɗaukar bidiyon kiɗa huɗu a zama ɗaya, ba yankewa ba gyara, ya tura ta intanet, kuma wayar hannu ta isa ɗaukar. Trinity ma tana da irin wannan. Ga wanda ke nesa da cibiyar jarrabawa wannan sauƙi ne babba. Amma sharaɗin na'ura yana nan: idan fiyanon dijital ne, ABRSM tana son ya kasance mai cikakken girman maɓalli, mai nauyi, mai jin ƙarfin taɓi, mai faɗin fiyanon katako, da fedar riƙe sauti. Kibod mai maɓalli 61 da sufirin bai cika wannan ba. Mai irinsa zai nemi aron fiyano a wani wuri ke nan don ɗaukar bidiyon, sai dai a wannan karon shi ke zaɓar ranar, kuma yana iya zuwa sau biyu ko uku ya zauna da fiyanon kafin ya kafa wayar a kan sandarta.